Daga Majigi Zuwa Intanet: Tarihin Kayan Koya wa Yara Kimiyya

Abin da ya jawo wannan rubutu wata kunya ce da na sha a gaban yara. Lokacin da aka rarraba mu koyarwar gwaji, sai na faɗa wata ƙaramar sakandare, aka danƙa mini 'yan aji biyu, aka ce in koya musu darasin lantarki. Makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje, har da sunansa a rubuce a bisa ƙofa, amma ya daɗe da zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Saboda haka na yi mako biyu cur ina zana batir da waya da ƙwan fitila a jikin allo. Duk sa'ad da na juyo na ce, “Kun gane?” sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya, “Mun gane, Malam!” Ran da na gwada su, kusan kowa ya kawo mini ma'anar da'irar lantarki yadda na rubuta ta, ko wasali bai ɓace ba. Amma da na zana batir da ƙwai, na ja waya guda daga kan batirin zuwa gindin ƙwan, na tambaya ko zai kama, sai mafi yawansu suka ce zai kama. Ashe karatun aku muka yi ta yi, ni da su.

Wani abokina da ke sashen fiziks ne ya ji tausayina, ya zuba mini wata 'yar manhaja a kwamfuta, wadda aka yi a Jami'ar Kolorado ta Amurka. Zan komo kan abin da ya faru da na shiga aji da ita. Amma tun daga ranar na ƙudura sai na san asalin waɗannan kayan koyarwa da suka cika intanet: su wa suka yi su, me suka gada, kuma me ya sa waɗansu suka rayu waɗansu suka mutu. Abin da na samo ne nake so in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai, malamanmu kuma su gyara mini inda na kauce. Kusan dukan labarin a Amurka ya faru, can kuwa zan bar shi, in ban da wuri guda da ya ratso ta Kano.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yaran da ake magana a kansu. Amurkawa sun daɗe da lura cewa yaro mai shekara 11 zuwa 14 ya wuce ɗan firamare, amma bai kai saurayin babbar sakandare ba. A 1909 aka buɗe makarantar farko da aka keɓe wa irin waɗannan yara a birnin Kolombos na jihar Ohayo. A 1963 kuma wani masanin ilmi, William Alexander, ya kawo shawarar abin da suke kira makarantar tsakiya, wadda daga baya ta zauna a kan aji 6 zuwa 8 a yawancin wurare. A wannan tsakani ne yaro kan fara saduwa da kimiyya a matsayin darasi mai malaminsa na musamman, a nan ne kuma galibi yake yanke wa kansa hukunci, ko shi mai iyawa ne, ko kuwa kimiyya ta 'ya'yan wasu ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa kowace sabuwar na'ura ta ɓullo sai an nufo ajin nan da ita.

Ta farko ita ce majigi. A 1913 Thomas Edison, wanda shi kansa mai sana'ar fim ne, ya gaya wa wani ɗan jarida cewa littattafai sun kusa daina amfani a makarantu, kuma cikin shekara 10 majigi zai sauya tsarin karatu gaba ɗaya. Shekara 10 ta zo ta wuce, littafi yana nan daram. Rediyo ta zo aka yi mata irin wannan kirari. Da talabijin ta zo abin ya kai ga ban dariya, domin daga 1961 zuwa 1968 akwai jirgin sama da ke shawagi a sararin jihar Indiyana, ba ya ɗauke da kowane fasinja sai na'urorin watsa darasi, yana aika hotuna zuwa azuzuwan jihohin da ke kewaye. Jirgin ya sauka, kuɗi sun ƙare, malamai suka koma kan alli. Duk waɗannan na'urori aibinsu ɗaya ne: suna magana, yaro yana saurare. Watau abin da na yi a gaban allona ne aka ƙara wa haske da murya mai daɗi.

Amma a daidai wannan zamani akwai wani reshe na tarihin da ya fi ba ni sha'awa, wanda kuma nake ganin shi ne ainihin kakan kyawawan kayan da ke intanet. A 1956 wani malamin fiziks na Jami'ar MIT, Jerrold Zacharias, wanda ya yi aikin na'urar hangen jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tara abokansa don su sake fasalin darasin fiziks na sakandare. Kwamitin shi ne aka sani da PSSC. Suna cikin aiki, sai ran 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ga kamar abokan gaba sun tsere musu a fagen ilmi. A 1958 majalisarsu ta yi dokar ilmi don tsaron ƙasa, kuɗi suka kwararo kamar ruwan Agusta. Littafin PSSC ya fito a 1960, tare da finafinai da kayan gwaji masu araha, irin su ɗan faranti mai ruwa da ake kallon tafiyar igiyar ruwa a cikinsa. Aka kuma riƙa tara malamai a jami'o'i lokacin dogon hutu ana horar da su. Wannan batu na horar da malamai a riƙe shi, don zai sake fitowa.

Daga babbar sakandare aikin ya gangaro ƙasa. Aka yi wa ƙananan yara darussa da ba su da littafin haddacewa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi suna ƙwarai, shi ne na batir da ƙwan fitila: a miƙa wa yaro batir guda, ƙwai guda, guntun waya guda, a ce ya kunna. Ba a gaya masa komai. Zai juya, ya sake juyawa, ya kasa, ya leƙa na maƙwabcinsa, har ya gano cewa sai wuta ta sami hanyar fita da hanyar komowa. Da na karanta wannan sai na riƙe baki, domin tambayar da ta kayar da yarana ke nan, ashe an yi shekara kusan 60 da sanin maganinta. A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili kuma wani masanin fiziks, Robert Karplus, wanda ziyarar ajin 'yarsa ta jawo shi cikin harkar, ya tsara dabarar a mataki uku: yaro ya fara taɓawa ya yi wasa da abu, sa'an nan malami ya ba abin suna ya bayyana shi, sa'an nan yaron ya gwada sabon ilmin a wani wuri dabam. Suna yana zuwa ne bayan gani. Ni kuwa da suna na fara, da suna na ƙare.

A nan ne labarin ya ratso ta wajenmu. A 1965 aka yi taro a Kano, na masana daga ƙasashen Afirka da Amurka da Ingila, inda aka kafa shirin koyar da kimiyya a firamaren Afirka bisa wannan dabara, da hannun cibiyar nan ta Amurka da ta yi darasin batir da ƙwai. Ka'idar ita ce a yi aiki da abin da ke farfajiyar makaranta. Darasin da ya fi shahara a cikinsu a kan ɗan ƙwaron nan ne mai haƙa rami kamar mazurari cikin rairayi yana dakon tururuwa. In yaro ya tambayi malami abin da ƙwaron ke ci, sai a ce masa ya je ya tambayi ƙwaron, watau ya tsuguna ya duba da idonsa. Ina ganin ya kamata kowane ɗalibin ilmi a jami'ar nan ya san cewa an taɓa zama a Kano a kan wannan.

To, me ya faru da wannan kyakkyawan aiki a can Amurka? Ya dushe. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, binciken da hukumar kimiyya ta ƙasar ta sa aka yi ya nuna cewa a yawancin azuzuwa littafi da lacca sun koma kan karagarsu. Dalilan ba boyayyu ba ne. Batir yakan mutu, ƙwai yakan ƙone, ba wanda aka ɗora wa sayen sabo. Malamin da aka horar yakan bar aiki, wanda ya gaje shi ya tarar da akwati bai san abin da zai yi da shi ba, ya tura shi ƙarƙashin tebur. Kuɗin horarwar ma aka yanke. Dabarar ba ta gaza ba, ciyar da ita ne aka gaji da yi.

Yanzu sai intanet. Mutane da yawa suna zaton kayan koyarwa sun fara ne da shafukan da muke buɗewa a yau, amma yara sun riga shafukan shiga. A ƙarshen shekarun 1980, ƙungiyar National Geographic da wata cibiyar bincike mai suna TERC suka haɗa azuzuwa da yawa ta wayar tarho. Yara sukan tari ruwan sama a kwano, su tsoma wata takarda mai sauya launi don su auna tsaminsa, su aika sakamakon ta kwamfuta. Sai a haɗa na kowa a yi taswira, a komo musu da ita, wani masani kuma ya rubuto musu wasiƙa a kan abin da ya gani cikin awonsu. Yaron ƙauye ya ga ɗigon makarantarsu a taswirar ƙasa, ya ga cewa ruwan wani yanki ya fi nasu tsami, ya fara tambayar ko hayaƙin masana'antu ne. A 1989 Robert Ballard, mutumin da ya gano ɓaraguzan jirgin ruwan Titanic a 1985, ya kafa shirin JASON bayan wasiƙun yara sun yi masa yawa, inda 'yan makaranta ke kallon masu bincike kai tsaye suna aiki a ƙarƙashin Bahar Rum. A 1995 kuma aka fara shirin GLOBE, wanda ya baza awon gajimare da zafin iska da ƙasar noma zuwa makarantun ƙasashe da dama. A lura, a shirin ruwan sama da na GLOBE kwano da ma'auni suna hannun yaro. Waya aikinta kai saƙo ne kurum.

Ran 30 ga Afrilu 1993 cibiyar binciken CERN da ke Janeba ta saki fasahar shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a can, ta ce kowa ya yi amfani da ita kyauta. Nan da nan gidajen tarihi da cibiyoyin bincike suka shigo. Gidan kimiyya na Exploratorium da ke San Faransisko ya buɗe shafinsa a shekarar, a 1994 kuma wani ɗakin bincike a Bakili ya sa kwaɗon da yaro zai feɗe a fuskar kwamfuta ba tare da jini ba. Gwamnati ta shiga jan waya. A 1994 kashi 35 cikin 100 na makarantun gwamnatin Amurka ne ke da intanet, azuzuwan da ke da ita kuwa kashi 3 ne kacal. A 1996 aka yi dokar da ta rage wa makarantu kuɗin haɗawa, zuwa 2005 kusan kowace makaranta ta samu, azuzuwa kuma sun kai kashi 94. Amma a 2001 wani masanin tarihin ilmi na Jami'ar Stanford, Larry Cuban, wanda ya shiga makarantun yankin da ake ƙera kwamfutocin ya zauna ya duba, ya fito da littafi yana cewa an cika ɗakuna da na'urori, koyarwa kuwa tana nan yadda take.

Wata matsalar kuma ita ce yawa. Malamin da zai shiga aji gobe da safe ba shi da daren da zai tace shafi dubu. Don haka a 2000 hukumar kimiyya ta ƙasar ta fara zuba kuɗi a wani babban ɗakin karatu na intanet don kimiyya, har da sashe na musamman na malaman makarantar tsakiya da Jami'ar Jihar Ohayo ta riƙa kula da shi. Aiki ne mai kyau, amma da tallafin ya ƙare bayan shekara 10 da 'yan kai, sai ya shiga halin da akwatunan batir suka shiga. Wanda ya bi tsofaffin jerin shafukan da aka yaba wa malamai a wancan lokaci zai tarar da yawancin ƙofofin ba sa buɗewa. Littafin da aka buga a 1960 yana nan a kanta, ko da gara ta ɗan taɓa shi, shafin da aka yi a 1999 kuwa ko kufansa babu.

Cikin wannan hayaniya aka haifi manhajar da abokina ya ba ni, kuma a kanta zan ɗan daɗe. A wancan lokaci Carl Wieman malamin fiziks ne a Jami'ar Kolorado. A 2001 ya sami kyautar Nobel tare da Eric Cornell da Wolfgang Ketterle, saboda wani sabon yanayin abu da suka samar a 1995 ta hanyar sanyaya ƙwayoyin zarra har kusa da iyakar sanyi. Da yake yawon bayyana aikin ga jama'a, yakan nuna waɗansu 'yan hotuna masu motsi da ake iya taɓawa a kwamfuta, sai ya lura cewa su ne abin da mutane ke tunawa, daga farfesa har ɗan makaranta. A 2002 ya ɗauki wani kaso na kuɗin kyautar ya kafa PhET, watau tarin gwaje-gwajen kwaikwayo da kowa zai buɗe kyauta. Da ɗaliban jami'a aka fara, daga baya aka gangaro da su ga yaran makarantar tsakiya, aka kuma ƙara da kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi, har suka haura 150.

Abin da ya bambanta su da kwaɗon 1994 shi ne yadda ake yin su. Kafin a saki kowanne, sai a zaunar da ɗalibi shi kaɗai a gabansa, ba a gaya masa komai, a ce ya yi ta faɗin abin da ke ransa yana taɓawa. In ya rikice a kan wani maɓalli, ba a ce yaron ne dolo ba, maɓallin ake sakewa. In aka ga wani ado yana ɗauke masa hankali, sai a cire. Shi ya sa rubutu bai da yawa a cikinsu, kuma ba su cewa yi kaza sa'an nan ka yi kaza. A na lantarki, za ka jawo batir da waya da ƙwai ka haɗa yadda ka ga dama. In da'irar ta rufu, sai ka ga 'yan ƙwallaye suna tafiya cikin wayar, abin da ido ba zai taɓa gani a wayar gaske ba. Kana iya saka kwabo ko fensir ko magogi a tsakani ka ga wanne ke barin wuta ta wuce. In ka haɗa kan batir da gindinsa ba ƙwai a tsakani, sai batirin ya kama da wuta, ba kuwa wanda ya ƙone, ba kuɗin da aka yi asara. Mai karatu zai ga cewa wannan darasin batir da ƙwai ne na shekarun 1960 ya dawo, sai dai batirin ba ya mutuwa.

A 2005 malaman jami'ar suka buga wani bincike da ya ba mutane mamaki. An raba ɗalibai biyu, waɗansu suka yi gwajin lantarki da kayan gaske, waɗansu da na kwaikwayo. Na kwaikwayon suka fi fahimtar darasin, kuma da aka ba kowa waya da batir na gaske, sun fi saurin haɗawa. Sai dai a yi hattara, ɗaliban jami'a ne aka gwada, waɗanda suka riga suka san nauyin batir a hannu. A 2013 waɗansu masana uku, Ton de Jong da Marcia Linn da Zacharias Zacharia, suka tattara bincike da yawa a mujallar Science, suka nuna cewa kowanne da inda ya fi, kuma haɗa biyun ya fi ɗaukar ɗaya.

Akwai kuma ɗaya reshen, wanda ya fi suna a wurin jama'a. A 2004 Salman Khan, ma'aikacin wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Boston, ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa. A 2006 ya fara sa darussan a YouTube, a 2008 ya kafa Khan Academy. Ba na raina wannan aiki, ni ma na ci moriyarsa daren jarrabawa, kuma babban abu ne yaro ya iya tsayar da malami ya maimaita sau goma ba tare da an harare shi ba. Amma a ganina jikan majigi ne. Wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Sidini ta Ostareliya, Derek Muller, ya gwada abin a binciken da ya kammala a 2008. Ɗaliban da suka kalli bayani mai tsabta, wanda ba gargada, sun ce sun gane sarai, ƙarfin zuciyarsu ya ƙaru, makinsu kuwa bai wani motsa ba. Waɗanda aka nuna wa fim da ke fara kawo kuskuren da mutane suka saba yi sa'an nan ya warware shi, sun ce abin ya rikita su, amma su ne suka ƙaru. Da na karanta wannan sai na ji muryar ajina tana cewa, “Mun gane, Malam!”

PhET ma ta kusa bin sahun waɗanda suka mutu. An gina gwaje-gwajenta na farko a kan fasahar Java da Flash, sai ga allunan hannu irin iPad sun shigo makarantu daga 2010, ba su kuwa karɓar waɗannan. Dole daga 2013 aka shiga sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci shekaru da kuɗi masu yawa. Da aka rufe Flash a ƙarshen 2020, ɗimbin wasannin kimiyya da wasu suka yi suka tafi tare da ita, don ba mai sake gina su. Wannan shekarar ce kuma annobar korona ta rufe makarantun duniya, yara kusan biliyan 1.6 suka zauna a gida. Kayan intanet suka yi ranarsu, amma aka ga iyakarsu, domin yaron da ba malami a kansa yakan ja batir ya ƙona shi sau biyar, ya yi dariya, ya rufe. Tun a 2015 ma ƙungiyar OECD ta ba da rahoto cewa ƙasashen da suka kashe kuɗi masu yawa kan kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaban a-zo-a-gani ba a karatu da lissafi da kimiyya.

Abin da ya biyo baya ya ba ni dariya. Bayan Amurka ta fito da sababbin ƙa'idojin koyar da kimiyya a 2013, sai waɗansu jihohi da gidauniyoyi suka haɗu suka yi OpenSciEd, cikakken tsarin darussa na aji 6 zuwa 8 da kowane malami zai sauke kyauta. Kowane babi da abin mamaki yake farawa. Me ya sa wani kofi ke riƙe sanyin ruwa fiye da wani? Me ya sa tagar gini ke rawa in mota ta saki kiɗa a waje? Yara su zana abin da suke zato, su yi gardama, su gwada, su gyara zanen. Darasin a intanet yake, amma sai da kofuna na gaske da ma'aunin zafi, kuma masu shirin sun dage sai an horar da malami. Bayan majigi da jirgin sama da dubban shafuka, an komo kan akwatin kaya da horar da malamai, inda Zacharias ya tsaya.

Yanzu in cika alkawari. Kwamfuta ɗaya gare ni, yara sun haura 60, intanet kuwa babu, amma manhajar tana aiki ba tare da ita ba in an riga an sauke. Na riƙa kiran su shida-shida. Na ce su haɗa abin da na zana musu ran jarrabawa. Suka haɗa, ƙwai ya ƙi kamawa, 'yan ƙwallayen suka tsaya cik. Wani yaro ya ce kwamfutar ce ta lalace. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce a ƙaro waya a mayar ɗaya gefen. Ƙwai ya kama, aka yi shewa har malamin ajin kusa ya leƙo. Washegari na sayo batir huɗu da ƙwayayen tocila da waya a kasuwa. Suka haɗa daidai yadda suka gani, ƙwai ya ƙi. Aka yi ta juyi har kusan a tashi, kafin wani ɗan mai gyaran rediyo ya karɓa, ya sa reza ya fere robar bakin wayar. Wayar cikin kwamfuta ba ta da robar da za a fere, kuma ba ta taɓa kwancewa. Wannan darasi reza ce ta koyar da shi.

Saura abu guda, wanda shi ne ya sa na kawo maganar nan gaban masu nazarin Hausa. Lokacin da batirin ya ƙone a fuskar kwamfuta, yarinyar nan ta tambaye ni, “Malam, wutar da ke tafiya cikin waya ita ce ta fito ta kama batirin?” Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara, domin a bakinmu abin da ke bin waya wuta ne, abin da ke ƙona batir wuta ne, hasken ƙwai ma cewa muke an kawo wuta. Haka nan “ƙarfin wuta” muke ce wa abubuwa uku da masana fiziks suka raba, kowanne da ma'auninsa. Masu PhET sun buɗe ƙofar fassara ga duk mai so, 'yan sa kai sun juya gwaje-gwajen zuwa harsuna fiye da 100, kuma da Wieman ya sami kyautar Yidan ta binciken ilmi a 2020, ya sa kuɗin a aikin yaɗa su a Afirka da Latin Amurka. Amma mai fassara ba zai zuba kalmar da ba a daidaita a kanta ba. Tun zamanin da Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah ake wannan fama na faɗin kimiyya da Hausa.

A makon ƙarshe na bi dabarar Karplus, na ce tun da sun gani, su ba abubuwan suna da kansu. Yawan 'yan ƙwallayen da ke wucewa suka kira shi “gudun wuta”. Abin da batir ke yi musu suka ce “turin wuta”. Abin da fensir ke yi na rage musu tafiya kuwa gardama ta kaure a kansa, rabin aji suka ce “turjiya”, rabi suka ce “cijewa”, har aka kaɗa ƙararrawa ba a shirya ba. Takardar tana wurina, da rubutun yaran a jiki. Ina roƙon malamanmu na sashen harsuna da na fiziks su sa mana rana guda a zauna a duba ta, kafin in koma wani ajin.